Ranar da Na Rubuta "Ni Ce" a Zauren Malaman Lissafi

Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina namiji a cikin waya. Ba ni na ce musu haka ba, su suka ɗauka, ni kuwa na ja bakina na yi gum domin shirun ya yi min daɗi.

Ni mai awon hatsi ce a kasuwar Salaga. Masara, dawa, gero, da wake idan lokacinsa ya yi. Rumfar mahaifiyata ce. Ina aji biyu a sakandare ƙafafunta suka riƙe, aka rasa mai zama a bakin buhuna, ni ce babba, sai na ajiye jakar makaranta da niyyar komawa bayan zango ɗaya. Ban koma ba. Abin da na ƙi rabuwa da shi shi ne littafin lissafina, wani mai jan bango da shafukan farkonsa suka yage. Idan kasuwa ta lafa nakan buɗe shi a kan buhu in yi ta kokawa da tambayoyin ciki, har matar da ke sayar da gishiri kusa da ni ta riƙa tsokanata, wai in duba mata ko mijinta zai dawo daga kudu bana. Da na gama wannan littafin na nemi wani wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, na sake neman wani. Ba don wani amfani nake yi ba, abin da raina yake so ke nan.

Gidanmu tsohon gida ne, kakanninmu fataken goro ne, kuma kakata ta wajen uba ba ta wasa da Hausa. A zangon Salaga, unguwar Hausawa da baƙi, kowa "ya zo" ne, kowa "ya tafi" ne, mace da namiji, akuya da bunsuru. Ba mai damuwa, domin rabin 'yan kasuwa Gwanjanci ko Dagwambanci suke yi a gida, Hausa ta ciniki ce kawai. Amma a gidanmu in ka kuskura ka ce "Inna ya fita", kakata za ta murɗe maka kunne ta tambaye ka yaushe uwarka ta tsiro gemu. Saboda haka na tashi da Hausa biyu, ta waje da ta cikin gida. Ta waje nake yi da kowa ba tare da tunani ba. Ta cikin gida ita ke fitowa idan raina ya ɓaci.

Wani ɗan baffana da ke koyarwa a wata makaranta wajen Kpandai shi ya jefa ni cikin wannan al'amari. Ya zo awon masara ya tarar da ni ina zane-zane a bayan kwali, ya tsaya yana kallo har ya manta da masarar. Kwana biyu bayan nan na ga an saka lambata a wani zaure na waya, na malaman lissafi na arewa, daga Salaga, Yendi, Saboba har can Bawku. Abin da ya rubuta musu gajere ne: "Wani ne daga Salaga, yana son lissafi sosai." A Hausar zango "wani" ya ɗauke kowa. Ba hoto a lambata, ba suna. Bai jima ba ya canza layi ya fita daga zauren, ya bar ni a ciki, su kuma suka raɗa min Malam Salaga.

Wata uku ina leƙe ban ce uffan ba. Ranar da na yi ƙarfin hali na tura amsar wata tambaya, na ajiye wayar a kan buhu ina jira. Ba a yi minti goma ba wani dattijo daga Bawku, tsohon malami da ya yi ritaya, ya amsa: "Malam Salaga, layinka na uku ba daidai ba ne. Sake dubawa." Na duba, da gaskiyarsa, na mance wata alamar ɗebewa. Wallahi ranar har ƙwalla na yi a bayan buhun dawa. Fiye da shekara ashirin ba wanda ya kalli lissafina ya ce min na yi kuskure, domin ba wanda ya taɓa kallonsa. Daga ranar wannan zauren ya zama wurin da ya fi min ko'ina, wuri ɗaya tak a duniya da ake duba aikina a yi gardama da ni kamar kowa. Daga ranar kuma na fara jin tsoron a kore ni.

Shugaban zauren shi ne babban malamin lissafi na wata makaranta a Yendi, mai digiri biyu, kowa Masta yake ce masa. Ba mugun mutum ba ne, amma yana da doka. Kafin zuwana, an ce wani mutum ya shigo ya ce ya gano lambar ƙarshe a duniya, ya yi mako uku yana cika musu waya da hotunan takardu, duk wanda ya nuna masa kuskure sai ya ce hassada ce. Da suka rabu da shi da ƙyar, Masta ya kafa doka: duk wanda zai ƙalubalanci amsar na gaba da shi, ya fara faɗin inda ya yi karatu da takardar da yake riƙe da ita. A hankali abin ya zama ɗabi'a. Idan aka turo amsa, kafin a karanta ta sai a duba wa ya turo. Ta mai digiri biyu a yi mata tafi, ta sabon malami a bi ta layi-layi ana neman inda ya zame.

Ni ba a taɓa tambayata ba, kuma dalilin abin dariya ne. Rashin hoto da ƙarancin maganata suka sa aka ɗauka wani babba ne yake ɓoye kansa. Wani ya ce ai lakcara ne da ya dawo gida. Wani ya ce yana cikin masu tsara tambayoyin jarrabawa, shi ya sa ba ya son a san shi. Ina zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ƙurar masara har cikin gashin idona, ina karanta yadda ake ƙara min girma. Wani lokaci in yi murmushi, amma galibi gabana ne ke faɗuwa.

Kowa a zauren yana tura saƙon murya, ni ban taɓa ba. Kowane saƙo sai na karanta shi sau uku kafin in tura, in tabbata Hausar waje ce, ko ɗan guntun Turanci. Da aka shirya taron shekara a Yendi aka ce lallai Malam Salaga ya zo a ga fuskarsa, na ce ƙafa ce ke damuna, wannan ita ce ƙarya ɗaya da na yi musu da gangan, kuma sai ta ƙara tabbatar musu cewa tsoho ne. Wata rana kuma ina auna wa wata mata gero, yatsana ya danna wurin ɗaukar murya ban sani ba. Daƙiƙa shida na hayaniyar kasuwa suka tafi zaure, da muryata tangaran tana cewa, "Kwano nawa za a zuba?" Na goge shi da sauri, amma wani malami daga Saboba, sarkin surutun zauren, ya riga ya ji.

"Malam, madam ne ya kama wayan?" ya rubuta, da fuskokin dariya.

Na bar shi da zatonsa. Ranar ko tuwon rana ban iya ci ba.

Abin da ya tona ni ya faru ne da kaka, lokacin da sabuwar masara ta cika kasuwa. Masta ya turo hoton shafi ɗaya daga wani ɗan littafi da yake shirin bugawa don 'yan makaranta masu shiga gasar lissafi. A shafin akwai wata dabara da ya yi wa ado da akwati. Ya ce ka ɗauki kowace lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ta a kai, sannan ka ƙara arba'in da ɗaya. Abin da zai fito kullum lamba ce da ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Ya gwada daga ɗaya har talatin, duk ta yi. A ƙasa ya rubuta cewa haka take har abada. Kafin azahar tafi ya cika zaure.

Ni ma ta burge ni. Na ɗauki kwali na fara gwadawa, ɗaya, biyu, bakwai, goma sha biyar, duk daidai. Sai wata mata ta zo awon wake, ina zuba mata ina tunanin arba'in da ɗayan nan. Me zai faru idan lambar da na ɗauka ita ma arba'in da ɗaya ce? Arba'in da ɗaya sau arba'in da ɗaya, a ƙara arba'in da ɗaya, a sake ƙara arba'in da ɗaya. Ai duk tarin nan arba'in da ɗaya ne aka jera har sau arba'in da uku, dole ya rabu. Na zuba wa matar kwano ɗaya fiye da abin da ta ce, ita ta tuna min. Da ta tafi na ninka a kan kwali, dubu ɗaya da ɗari bakwai da sittin da uku, na raba, ya rabu tas ba saura.

Kwana biyu na riƙe abin a cikina. Na san dokar, na kuma san wanda zan ƙalubalanta. Na yi ta addu'a wani ya gani ya faɗa in huta, ba wanda ya gani, ko kuwa waɗanda suka gani sun fi ni wayo. A rana ta uku Masta ya ce za a kai littafin wurin bugawa a ƙarshen mako. Na tuna yara za su haddace wannan su je su faɗa a gaban alƙalai da ƙarfin gwiwa. Bayan na buɗe rumfa da safe, na rubuta layi uku, na karanta su ya fi sau goma, na tura.

"Masta, da girmamawa. A gwada arba'in da ɗaya. Yana ba da 1763, kuma 41 sau 43 ne."

Zauren ya yi tsit kusan awa ɗaya. Ina ganin adadin waɗanda suka karanta yana ƙaruwa. Daga nan Masta ya shigo. Bai ce daidai ne ba, bai ce ba daidai ba ne.

"Malam Salaga, mun daɗe muna girmama ka, amma doka doka ne. Wane skul ka yi? Wane satifiket kake da shi? Kuma wannan abu, kai ka gano ko wani ya ba ka? Yanzu kowa yana kwafo abu a intanet ya zo yana nuna kansa."

Maganar satifiket ta tsorata ni, amma maganar kwafe ce ta ƙona min rai. Kwana biyu ina fama da abin nan, ban yi barcin kirki ba, sai a ce min satowa na yi? Jinina ya hau. Ban karanta sau uku ba, ban karanta ko sau ɗaya ba. Yatsuna suka rubuta da Hausar kakata:

"Babu wanda ya ba ni. Ni ce na gano shi, ni ce na lissafa shi da hannuna."

Sai da ya tafi na ga abin da na yi. Namiji "ni ne" yake cewa. A zango ma mace "ni ne" take cewa. Ba mai cewa "ni ce" sai macen da aka murɗe wa kunne tana ƙarama, ga shi na faɗa har sau biyu a layi ɗaya. Gumi ya karyo min. Na kai yatsa zan goge, na ga mutum goma sha wani abu sun riga sun karanta, gogewa ma tona kai ce. Na ajiye wayar a kan buhu na zuba mata ido, ina fatan ko ba za su lura ba, tunda su ba sa amfani da kalmar. Amma rashin amfani da ita bai hana su sanin ta ba. Mutumin Saboba ne ya fara.

"Ni ce? Jama'a ku tsaya. Malam Salaga mace ne?"

Daga nan zaure ya rikice. Wannan ya ce tun ranar muryar kasuwa ya yi zargi. Wancan ya ce wataƙila matar malamin ce take amsa masa. Wani ya ce an yaudare su shekara biyu. Saƙonni suna ta sauka kamar ana zazzage buhu, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda ya ambaci arba'in da ɗaya, babu ko mutum ɗaya. Can Masta ya rufe maganar. Ya ce mai wannan lamba ya turo saƙon murya kafin azahar ɗin gobe, ya faɗi ko shi wane ne, da makarantarsa, da takardarsa. In ba haka ba a cire shi, a kuma share abin da ya rubuta, domin ba a karɓar gyara daga wanda ba a san shi ba.

Washegari na zo kasuwa jiki ba ƙwari. Mai gishiri ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Da hantsi wayata ta yi ƙara, lambar dattijon Bawku ce. Na bar ta ta katse. Ta sake yi, na bar ta. A karo na uku na shige lungun buhuna na ɗauka.

"Salamu alaikum," ya ce. Muryarsa a hankali take, da Hausa irin ta gidanmu. "'Yata, ke ce ko?"

"Ni ce, Baba."

Ya yi 'yar dariya. "Wanda ya koya miki magana ya iya tarbiyya. Mu ma nan Bawku tsohuwarmu haka take, Allah ya ji ƙanta. To, na duba abinki. Daidai ne. Arba'in ma ba ta yi ba, ki gwada ki gani."

"Baba, ni ba malama ba ce. Hatsi nake aunawa. Aji biyu na tsaya." Na leƙa ko mai gishiri tana jina. "Don Allah ka ɗauki gyaran nan ka saka da sunanka. Kai za su yarda. Ni ka ce musu kawai a bar ni a ciki, ko ba zan ƙara magana ba."

"In na saka da sunana za su karɓa kafin su karanta," ya ce. "Wannan ma ai cutar ce dai. A'a. Ki tura muryar, ki faɗi gaskiya, ni kuma zan yi magana bayanki."

"In suka cire ni fa?"

"Ban isa in yi miki alkawari ba, 'yata."

Sau bakwai na ɗauki muryar nan ina gogewa. Ta farko kuka ya shiga ciki. Ta uku injin niƙa na bayanmu ya tashi. Ta biyar na ji kaina ina roƙo kamar wadda aka kama da kayan sata, haushi ya kama ni na goge. Ta bakwai na tsaya a tsaye, na ce ni mace ce, mai awo a kasuwar Salaga, ba ni da takardar komai, ban taɓa cewa ni malami ba ne amma ban gyara musu ba da suka ɗauka haka, a yafe min wannan. Na ce lissafin kuwa yana nan, kowa yana da waya mai ninkawa. Na tura saura 'yan mintoci a kira azahar, na kife wayar na tafi alwala.

Da na dawo na tarar ana ta fafatawa. Masta ya turo doguwar murya, kuma gaskiya ba duk maganarsa ce banza ba. Ya ce su malamai ne masu aji cike da yara, ba su da lokacin bin kowane shafi da kowa zai turo. In mutum ya zo da hujja mai shafi talatin, dole ka tambayi ko wane ne kafin ka ba shi yininka, kuma sun ga abin da sakaci ya jawo musu a baya. Dattijon Bawku ya amsa masa a rubuce. Ya ce ya yarda, sanin mutum yana iya gaya maka ko za ka ba shi yininka, amma ba ya gaya maka ko 41 sau 43 nawa ne. Ya ce layi uku ne, duba su ya fi tambayar satifiket sauri, kuma yini ɗaya da rabi aka ɓata ana binciken mai magana alhali minti ɗaya ya isa a binciki maganar. Ya ƙara da cewa shi ya duba, daidai ne.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta yi aiki. Nan take mutane suka fara cewa lallai sun gwada, haka ne. Da la'asar Masta ya rubuta cewa an cire dabarar daga littafin, ya gode wa Baba na Bawku da ya tabbatar. Sannan ya ce game da 'yar'uwarmu ta Salaga, ko da yake zauren na malamai ne, ya ga ya dace a bar ta, domin abin alfahari ne a ce mai sayar da hatsi tana son lissafi haka, ya kamata 'yan mata su yi koyi. Mutumin Saboba ya ce daga yau sunana Mma Salaga, uwar zaure. Tafi ya sauko, da furanni, da Masha Allah.

Na zauna a kan buhu na yi ajiyar zuciya, na yi wa Allah godiya. Ba a kore ni ba. Ranar na ƙara wa kowane mai saye ɗan gyara a kan kwanonsa.

An ɗauki watanni kafin in gane halin da nake ciki. Kullum da safe ana gaishe ni, Mma ina kwana, Mma ya kasuwa. In na turo amsa, kafin in ajiye waya tafi ya fara zuwa, da saurin da na san ba a kai ga karantawa ba. In sabon malami ya shigo, a nuna masa ni, a ba shi labarin mai awon da ta gyara wa Masta. Amma gardama ta ɗauke. Nakan ga suna cacar baki kan wata hanyar lissafi, in sa baki in ce ga yadda na gani, sai a ce "Mma ya yi ƙoƙari" a ci gaba da gardamar ta gefena. Da farko na ce ko na ƙware ne, na daina kuskure. Amma na san kaina, ban kai nan ba. Wani tsoro ya fara shigata, daban da na da, mai sanyi, wanda ba ya sa gumi.

Bayan ƙaramar salla na yanke shawarar gwadawa. Wani ya turo tambayar 'yan aji ɗaya: motokin, babur mai ƙafa uku na kaya, ya ɗauki doya daga Kpandai zuwa Salaga yana gudun kilomita ashirin a awa, ya koma ba kaya yana gudun talatin, mene ne matsakaicin gudunsa a tafiyar duka? Tsohon tarko ne da kowane malami a zauren ya sani. Mai gaggawa zai ce ashirin da biyar. Amsar ashirin da huɗu ce, domin ya fi daɗewa a kan hanya lokacin da yake tafiya a hankali. Da sabon malami ne ya faɗa tarkon nan, da sai sun yi mako suna tsokanarsa.

Na rubuta ashirin da biyar, na jera hanyar a fili yadda makaho ma zai ga inda na zame, na tura da hantsi. Sai na zauna ina jira, wannan karon ina roƙon Allah wani ya ce min na yi shirme.

Tafi ya fara zuwa. Mutumin Saboba ya turo fure. Masta ya rubuta, "Masha Allah, Mma ya yi ƙoƙari." Can ƙasa wani ya saka ashirin da huɗu ba tare da ya ambace ni ba, aka ce masa daidai, aka wuce zuwa wata tambaya. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Na auna masara, na auna dawa, ina duba waya tsakanin kwano da kwano. Saura mutum ɗaya nake jira, na san shi ba zai bari ba.

Ina ɗaure bakin buhuna zan tashi saƙonsa ya shigo. Ba a zaure ya turo ba, ni kaɗai ya turo wa.

"'Yata, ki goge wancan ki sa ashirin da huɗu. Ban so in faɗa a gaban mutane in ba ki kunya."

Na daɗe a tsaye da igiyar buhu a hannuna. Na so in gaya masa kunyar nan ita nake nema tun safe, ita kaɗai ce za ta nuna min har yanzu ina cikinsu. Amma dattijo ne, kuma don alheri ya yi. Na rubuta masa, "Na gode, Baba."

Ban goge ba. Amsar tana nan a zauren har yau, ashirin da biyar, da tafi a jere a ƙarƙashinta.